Gwangwanin Cefane

A gidan hayarmu kicin ɗaya ne, iyali uku ke girki a ciki, don haka babu mai iya ɓoye abin da ke tukunyarsa. Ni ba mai yawan magana ba ce. Nakan zauna a ƙaramar kujera kusa da ƙofa ina yanka wa Gwaggona albasa, ina ji, ina gani. Abin da na gani a tukunyar Maman Biyu shi ya sa na ɗauki biro.

Mijinta akawu ne a wani kamfanin sayar da fenti. Mutum ne mai jiki, mai tsafta, takalminsa ya fi fuskar matarsa sheƙi. Gwaggo ce ta raɗa masa suna Kashi Goma, sunan kuwa ya kama shi har wajen mai shagon bakin layi. Wata rana ce ya kalli bidiyo a waya, wani mutum cikin kwat yana tsaye gaban allo yana cewa duk magidanci mai hankali kada ya kashe fiye da kashi goma cikin ɗari na albashinsa a cefane. Tun daga ranar ya riƙe maganar kamar wasiyyar mahaifinsa.

Ya tara gwangwanayen madara da aka shanye, ya wanke, ya jera su a durowa mai makulli. Akwai na haya, na makarantar 'yan biyu, na magani, na aiki, na ko-ta-kwana, sai ƙaraminsu, na cefane. Doka ɗaya ce a durowar nan: gwangwani ba ya ranta wa ɗan'uwansa.

Na taɓa jin Maman Biyu ta tambaye shi a tsakar gida, yana goge takalmi.

"Baban Biyu, wai kashi goman nan, na nawa ne?"

"Na albashina."

"Albashin nawa ne?"

"Wannan tsakanina da kamfani ne."

Shi kansa ba ya cin abincin rana a gida. Akwai gidan abinci kusa da ofishinsu, can yake zama da kaza da lemo mai sanyi. Kuɗin ba daga gwangwanin cefane suke fita ba, daga na aiki ne, domin a cewarsa cikin mai nemo kuɗi kayan aiki ne, kamar tankin mota.

Da Maman Biyu ta samu ciki, ni nake raka ta awo, saboda jiri yakan ɗebe ta a hanya. Ran nan nas ɗin ta ja fatar idonta ƙasa, ta juya tafin hannunta, ta tsaya tana kallonta.

"Baiwar Allah, me kike ci?"

"Abinci."

"Wane iri?"

"Irin wanda ya rage."

Nas ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, kuma in bai hau ba kafin haihuwa, ita da abin da ke cikinta duk suna cikin hatsari. Ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi aiki a cikin da babu komai ba. Ta ci ƙwai, ta ci hanta, ta ci ganye, in ma hanta ta gagara, ƙwai ɗaya a rana kada ya wuce ta.

Da yamma ta kai masa maganar. Ni ina kicin, ƙofarsu a buɗe.

"Wa ya ce ki ci ƙwai?"

"Nas."

"To magani ne kenan. Babu ruwan gwangwanin cefane."

"To a buɗe na magani."

"Sai da takardar likita da rasit ɗin kemis."

"Ai ba a sayar da ƙwai a kemis."

"Kin gani da bakinki. Abin da ba a sayarwa a kemis abinci ne."

"To a ƙara kuɗin cefanen."

"Kashi goma ne. Ba ni na ƙirƙira ba, masana ne suka yi bincike."

Da muka koma awo ta roƙi nas ta rubuta mata ƙwan a takarda. Nas ta yi dariya, ta zaci wasa ne, sai da ta ga fuskarta sannan ta rubuta. Kashi Goma ya karɓi takardar, ya ɗaga ta sama, ya juya.

"Wannan ba rubutun likita ba ne," in ji shi. "Ana iya karantawa."

Ana cikin haka mahaifiyarsa, Inna, ta zo zama da su saboda ciwon ƙafa. Ba ita kaɗai ta zo ba, ta taho da autanta, ƙato mai gemu wanda yake jiran aiki tun ban san shi ba. Auta ba ya jiran aikin a tsaye, a kwance yake jira, waya a hannu. In an ɗora tukunya kuwa shi ne farkon mai jin ƙamshi, ko da ruwan wanka ake dafawa.

Maman Biyu ta ce, "Baban Biyu, baki ya ƙaru."

"Albashi ya ƙaru ne?"

"Shinkafa ma ta tashi. Abin da nake sayo mudu biyu da shi yanzu ɗaya da rabi yake kawowa."

"Ki koyi ciniki. Matan wasu da rabin haka suke ciyar da gida."

Haka rabon ya koma. A ɗibar wa maigida na dare a rufe masa a kula. A zuba wa Inna, don uwar miji ce. A zuba wa Auta, ya dawo da kwano ya ce kamar an manta ba a cika ba. A zuba wa 'yan biyu. Ita kuma ta zauna da tukunya da cokali tana kankare ƙanzo, ƙarar kankarar nan har ɗakinmu.

Gwaggo, wadda wankau take yi, bakinta kuma ya fi sabulunta kumfa, ta tari Inna a bakin famfo.

"Inna, surukarki fa ta koma kamar kyandir."

"Ciki ne. Kowa da yadda nasa yake zuwa."

"An ce ta riƙa cin ƙwai."

"Ƙwai? Ɗa ya yi ƙato a ciki ta kasa haihuwa, a zo a ce a yanka ta? Mu da muka haifi namu, wa ya dafa mana ƙwai? Kuma yaron nan yana iya bakin ƙoƙarinsa. Ko ni da na haife shi ba ya ba ni abin da ya wuce lissafi."

Tana faɗar haka tana tauna ragowar kazar da yake kawo mata a leda daga gidan abinci. Ita ma, na ji, daga gwangwanin aiki take fita.

Maman Biyu ta fara hutawa a tsakanin famfo da kicin, tafiyar da yaro mai rarrafe yake yi ba tare da tsayawa ba. Leɓɓanta suka yi fari. In ta sunkuya tsintar wake sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ta koma tauna ƙanƙara, mai shago har ya daina karɓar kuɗinta. Duk da haka ba ta bar ba'a ba. Ta ce min, "Ƙanwata, in na mutu ki tambaye shi a wane gwangwani likkafani yake. Ina jin zai ce sutura ce, sai ƙarshen shekara."

Gwaggo ta kasa jurewa. Ta fara dafa ƙwai ɗaya cikin ruwan shayinta da safe, ta miƙa mata a kicin. Ranar farko 'yan biyu suka shigo, suka tsaya suna kallon hannun uwarsu. Ta raba musu, ta lashe yatsa. Daga nan Gwaggo ta koma tura ƙofa da baya, ta tsaya a kanta kamar ɗan sanda.

"Cinye a gabana. Haɗiye. Buɗe bakin in gani."

Abin ya tafi daidai na ɗan lokaci, har fuskarta ta ɗan fara dawowa. Sai ranar da ta yi mantuwa ta jefa ɓawon ƙwan a kwandon shararsu. Kashi Goma mutum ne mai duba shara, domin ya ce a nan ake gane ɓarnar mata. Ya fito da ɓawon a tafin hannu kamar ya tsinci zinare.

"Ashe akwai rara kike min kuka."

"Ba daga kuɗinka ba ne. Gwaggo ce ke ba ni."

Ya dubi ɓawon. Sannan ya nufi inda Gwaggo ke shanya.

"Gwaggo, da girmanki, kina lalata min tsari."

"Akawu, ƙwan nawa ne. Kazar da ta yi shi ma ba ta san ka ba."

"Kina sa mutane su ɗauka ba na ciyar da iyalina."

"Mutane suna da ido. Ni ƙwai kawai na dafa."

Na zaci zai hana ne kawai. Abin da ya yi ya wuce haka. Ya zauna ya yi tunani irin na ofis, ya gano cewa duk abincin da ya shigo gidansa, ko daga ina ya fito, cikin kason cefane yake. Tunda ƙwai yana shigowa kyauta, kason ya haura kashi goma, dole a daidaita. Da ya zo ba da kuɗin sati, ya zare kuɗin ƙwan Gwaggo daga ciki.

Satin nan 'yan biyu suka tafi makaranta da shayi babu burodi. Maman Biyu ta zo kicin ta riƙe hannun Gwaggo.

"Don Allah ki bari. Abin da kike sa min a baki daga bakinsu ake cirewa."

Gwaggo ta zage shi, ta zagi mai kwat na cikin waya, ta zagi kamfanin da ya ƙera gwangwani. Amma ta bari. Ta gwada ba ta a ɓoye a ɗakinmu, sai Auta ya zama ɗan rahoto, domin an yi masa alkawarin kuɗin kati.

Wata rana da hantsi Maman Biyu ta faɗi. Ta ɗaga tukunyar ruwa daga kan risho, ta ce min, "Ƙanwata, wa ya kashe wuta?" alhali rana tana shigowa ta taga. Allah ya sa ruwan bai yi zafi ba. Ni da Gwaggo muka kinkime ta zuwa motar haya. Inna ta biyo mu tana cewa tun jiya ta lura yarinyar nan ba ta son cin abinci.

A asibiti likita ya ce sai an ƙara mata jini a ranar. Suna da irin nata a ajiye, amma ƙa'idarsu sai dangi sun ba da leda a madadin wadda za a ɗauka, ko kuma a biya. Aka kira Kashi Goma. Ya iso yana share baki da hankici, Auta na biye da shi.

Ya ji kuɗin jinin, ya nemi kujera.

Gwaggo ta ce, "Sai a buɗe na ko-ta-kwana."

"Ko-ta-kwana abin da ya zo ba zato ne. Wannan tun watannin baya aka faɗa mana, an san da shi."

"To na magani."

"Jini ba a kemis ake sayar da shi ba."

Nas ɗin da ke tsaye, wata doguwa mai gajeren haƙuri, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi Auta.

"Ba sai an biya ba. Ga maza biyu nan, kowanne kamar buhu. Wa zai fara?"

Auta ya ce bari ya zaga bayi. Har muka bar asibitin bai gama zagawar ba.

Inna ta shiga tsakani. "A'a, 'yar nan. Wannan shi ke nemo mana abinci. In aka zuƙe masa jini da me zai yi lissafi?"

"Da kai ake lissafi, Inna. A hannu za mu ɗiba."

Kashi Goma ya tambaya ko za a ba shi wani abu in ya bayar. Nas ta ce za a ba shi lemo ɗaya. Ya sake tambayar kuɗin jinin, aka maimaita masa. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Kyauta ta fi araha. Ya naɗe hannun riga.

Ina leƙe ta labule lokacin da allurar ta shiga. Ya kira sunan Allah, ya kira Inna, ya kira manajansu. Da aka gama ya miƙe, ya ga ledar jininsa a tire, sai ya sulale ƙasa a hankali kamar rigar da ta zame daga igiya. Aka ɗaga masa ƙafafu, aka yi masa fifita. Da ya farfaɗo nas ta ce babu komai, ya sha ruwa, ya ɗan ci abu mai kyau kwana biyu, ƙwai ko hanta, zai koma daidai.

Nas ta ɗauki ledarsa ta kai ma'ajiya. Wadda aka rataya wa Maman Biyu tun kafin ya iso aka fito da ita, jinin wani bawan Allah ne da ba mu sani ba. Ita ma ta gani, idonta biyu. Shi kam bai tsaya tambaya ba.

Maman Biyu ta yi 'yan kwanaki a asibiti. A kwanakin nan gidanmu ya ga abin mamaki. Washegari da safe Kashi Goma ya shigo da kiret ɗin ƙwai a kafaɗar ɗan dako, da ƙullin hanta a hannu. Gwaggo ta ajiye wankinta.

"Akawu, daga wane gwangwani?"

"Na magani. Nas ce ta ce."

"Da rasit ɗin kemis?"

"Gwaggo, jini na bayar. Ba ki san yadda nake ji ba."

Ya ɗauki hutu a ofis. Ya kwanta a doguwar kujera, filasta a gwiwar hannu, ya ƙi cirewa har ta yi baƙi. Kowace safiya Inna, mai ciwon ƙafar nan, tana tsaye a kicin tana soya masa ƙwai da albasa da tumatir, ba ta ko jin tsoron ya yi ƙato. Abokan aikinsa suka zo gaishe shi, suka wuce asibiti ta bakin ƙofa ba su shiga ba. Duk wanda ya zauna sai ya ba shi labari.

"Jinina ne fa yake yawo a jikinta yanzu. Likita ya ce ba don ni ba da tuni an yi jana'iza. Ai iyali sai da sadaukarwa."

Ya faɗa wa mai shago, ya faɗa wa mai gidan haya, ya faɗa wa mai kwashe shara.

Ranar da aka sallamo ta da safe muka iso. Likita ya ce jinin da aka ƙara ya tsayar da ita da ƙafafunta ne kawai, in ba ta ci abinci ba zai sake sauka kafin haihuwa. Na riƙe mata jaka har falo. Kashi Goma yana zaune da baƙi biyu daga ofis, Inna ta ajiye masa faranti yana tururi, ƙwai da hanta, ga burodi a gefe. Yana tsakiyar labarin jinin.

Maman Biyu ta gaishe da baƙi, ta gaishe da Inna. Sannan ta zauna kusa da mijinta, ta jawo farantin gabanta, ta yi bisimilla, ta fara ci.

Inna ta ce, "Ke, wannan maganin mijinki ne."

"Na sani, Inna." Ta yagi burodi ta dangwali ƙwai. "Ba ni nake ci ba. Jinin Baban Biyu nake ciyarwa. Ba ga shi a jikina ba? Ko a bar shi ya lalace, bayan wahalar da ya sha?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Akawu. Jini mai tsada irin naka ai ba a bar shi da yunwa."

Kashi Goma ya buɗe baki. Na ga yana neman hanya. In ya ce abinci ne, to shi me ya sa yake ci daga gwangwanin magani. In ya ce jinin ba nasa ba ne, ga baƙi a zaune, ga mai shago, ga duk layin da ya cika da labari. Ya dubi filastar hannunsa, ya dubi farantin da ke raguwa.

"A hankali dai," ya ce. "Kiret ɗin na wata guda ne."

"In ya ƙare sai a sake. Jinin naka yana nan har in haihu, in yi shayarwa."

Ta kira 'yan biyu, ta sa wa kowanne yankan hanta a baki, ta ce su ma ai jininsa ne, tun kafin a je asibiti. Ta share farantin da ɓawon burodi ta miƙa wa Inna.

Kada wani ya ɗauka gidan ya gyaru. Har yau kashi goma ne, har yau babu wanda ya san na nawa ne, Auta kuma yana nan yana dawo da kwano. Mai kwat na cikin waya bai taɓa zuwa kicin ɗinmu ya ƙirga bakuna ba, bai tambayi kuɗin shinkafa ba, bai tambayi wa ke ci a ƙarshe ba. Lissafin da namiji zai yi shi kaɗai a bayan durowa mai makulli, ya cire cikinsa daga ciki, ya bar mace ta cike giɓin da jikinta, ni ban ga hankali a cikinsa ba, ko da masana dubu ne suka sa hannu.

Ƙwan dai ta ci shi kullum. Da muka koma awo nas ta ja fatar idonta ta ce jinin ya hau, ta haihu kuma lafiya, mace. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wata da watanni tana roƙon ƙwai ɗaya saboda ranta da na 'yarta, ba a samu gwangwanin da zai biya ba. Sai da ta roƙa da sunan jinin mijinta, jinin da ko ɗigo babu a jikinta.